Gudan Jini Da Ƙari A Cikin Zuciya: Abin Da Likitocin Maiduguri Suka Gano

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri akwai wani aiki da likitocin zuciya ke yi wanda ba ya bukatar wuƙa ko allura. Sai a kwantar da majiyyaci a kan ɓarinsa na hagu, a shafa masa wani abu mai santsi a ƙirji, likita ya ɗora kan wata 'yar na'ura a tsakanin haƙarƙari, nan take sai ga zuciyar mutum ta fito a jikin gilashi kamar na talabijin, tana matsewa tana saki, ƙofofinta suna buɗewa suna rufewa. Wannan shi ne hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, wanda ma'aikatan asibiti ke kira eko. Kafin rabin sa'a an gama, mutum ya tashi ya sa rigarsa.

Cikin 2014 likitoci uku na wannan asibiti, watau M. A. Talle da Faruk Buba da C. O. Anjorin, suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a kan irin waɗannan hotuna. Sun koma sun duba hotuna 1,302 da aka ɗauka cikin shekara uku, suka ware 949 na manya. A cikin waɗannan, mutum 84 an same su da gudan jini a kwance cikin babban ɗakin zuciya na hagu. Kusan mutum tara ke nan a cikin kowane ɗari. Lalle a tuna cewa waɗanda aka auna ɗin nan mutane ne da ciwo ya riga ya kai su asibiti, ba a kan titi aka tare su ba. Amma duk da haka adadin ba ƙarami ba ne, domin kuwa kowane ɗaya daga cikin 84 ɗin nan yana yawo ne da abin da zai iya shanye masa ɓarin jiki cikin ƙiftawar ido.

Gudan jini ba shi kaɗai ne baƙon da kan sauka a cikin zuciya ba. Akwai kuma ƙari, watau tsiron nama da kan fito daga bangon zuciyar kanta. A jikin gilashi su biyun suna iya yin kama da juna ƙwarai, har su rikita wanda bai ƙware ba, alhali kuwa maganinsu ya sha bamban. Gudan jini galibi da ƙwaya ake rabuwa da shi. Ƙari kuwa sai an buɗe ƙirji. Saboda haka babban aikin likita, kafin kome, shi ne ya tabbatar da wanne yake gani.

Yadda jini ke daskarewa

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta. Biyu na sama kamar zaure suke, su ke karɓar jinin da ya dawo, biyu na ƙasa kuwa su ke tura shi waje. Ɗakin dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska, ɗakin hagu kuma, wanda ya fi kowanne kaurin nama, shi ke tura shi zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji har zuwa ɗan yatsan ƙafa. Zuciyar babban mutum tana bugawa wajen sau dubu ɗari a kowace rana, tana kuma tura jini kimanin lita biyar a kowane minti ko da mutum yana zaune ne kurum.

Duk mahauci ya san jini ba ya daskarewa sai ya tsaya. Haka nan duk wanda ya zauna Maiduguri ya ga kogin Ngadda da damina, ya kuma gan shi da rani sa'ad da ruwan ya yanke ya zama kududdufai, laka ta kwanta a ƙasa. Abin da ke faruwa ke nan a zuciyar da ta raunana. Lafiyayyen ɗakin hagu yana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinsa a kowane bugu. In ya kumbura ya saki, sai ya riƙa fitar da kaɗan, saura ya tsaya yana juyawa a lungu, musamman can ƙasa wajen tsinin zuciya, har ya kama jikinsa ya zama guda. Tun cikin ƙarni na 19 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya yi bayanin yadda gudan jini ke tasowa, kuma har yau ɗaliban likita suna haddace sharuɗɗa uku da sunansa: jini ya rage gudu, ko bangon da yake bi ya ji rauni, ko kuwa jinin kansa ya yi saurin daskarewa. A binciken Maiduguri, mutum 55 daga cikin 84 zuciyarsu ba ta iya fitar da ko kashi 35 cikin ɗari na jinin da ke cikinta.

Da likitocin suka bi diddigin abin da ya raunana waɗannan zukata, sai suka ga mutum 33 suna da ciwon nan da ke sa naman zuciya ya saki ta kumbura kamar tsohuwar salka. Mutum 25 jijiyar da ke ciyar da naman zuciya ce ta toshe musu, wani sashe na bangon ya mutu ya daina motsi. Wannan adadi abin lura ne, domin shekaru da yawa ana ɗauka toshewar jijiyar zuciya ciwon Turawa ne da masu cin maiƙo a manyan birane. Mutum shida hawan jini ne ya gajiyar da zuciyarsu, biyu kuma ƙofofin zuciya ne suka lalace. Sauran 18 mata ne masu jego, waɗansunsu ma gudan jinin ba ɗaya ba ne.

Masu jego

A nan ne maganar ta fi shafar gidajen Arewa. Akwai wani ciwo da kan kama mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, zuciyarta ta raunana ba tare da ta taɓa yin ciwon zuciya ba a da. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ba ta iya kwanciya rigingine sai an jingina ta da matasai, tari ya hana ta barci. A ƙasashen Turai da Amurka sai a karɓi haihuwa dubu ko dubbai kafin a ga mace ɗaya mai wannan ciwo. A Arewacin Nijeriya abin ya wuce haka nesa.

Waɗanda suka fara jawo hankalin duniya su ne likitocin Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Cikin 1978 Neil Davidson da Eldryd Parry suka buga bayanin mata 224 da suka duba. A lokacin sun ɗora laifi a kan al'adun jego na ƙasar Hausa, watau wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa, wadda gishiri ne ya yi yawa a cikinta. Cikin 2007 aka ƙidaya a Sakkwato, aka samu mace ɗaya a cikin kowace haihuwa 102. Cikin 2020 kuma wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda ya haɗa mata 406 daga asibitoci dabam-dabam na ƙasar nan, ya samu ɗaya cikin 96 a wani asibiti na Kano, kuma mafi yawan matan daga Arewa maso Yamma suka fito.

Abin mamaki, wannan bincike na baya bai samu wankan jego da kunun kanwa da laifin da aka daɗe ana ɗora musu ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki, watau dai talauci da 'yan'uwansa. An kuma lura a Kano cewa da yawa daga cikin matan suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jininsu. Wannan ba ya nufin kanwa ta zama magani. Macen da zuciyarta ta riga ta gaza, gishiri kowane iri ne yana ƙara tara mata ruwa a jiki, kuma likita zai hana ta.

Mai jego kuwa dama jininta yana da saurin daskarewa, hikimar da ke kare ta daga zubar jini bayan haihuwa. To, in zuciya ta raunana a daidai wannan lokaci, sharuɗɗa biyu daga cikin ukun nan sun haɗu a jikin mace ɗaya.

Game da mutum biyun da ƙofofin zuciyarsu suka lalace, kada ƙarancinsu ya yaudari mai karatu. Binciken ɗakin hagu kaɗai ya ƙidaya, alhali masu wannan ciwo a zauren hagu jininsu ya fi taruwa. Asalinsa ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya wanda ba a yi wa maganin fenisilin ba, ya koma zazzaɓin gaɓoɓi, bayan shekaru ƙofar da ke tsakanin zaure da ɗaki ta ƙanƙance. Zaure ya kumbura, ya daina bugawa daidai sai dai rawa, jini ya kwanta a wani ɗan aljihu da ke gefensa.

In ya ɓalle

Gudan jini yana iya zama a lungunsa wata da watanni bai sa mutum ya ji kome ba. Haɗarinsa shi ne ranar da wani ɓangare ya ɓantare. Daga ɗakin hagu hanya ɗaya ce, babbar jijiya, kuma rassan da ke kai jini ka suna cikin na farko da ke fita daga cikinta. In ɓantaren ya bi nan ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, sai baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannu da ƙafa na ɓari ɗaya su mutu. A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara ashirin da ta haihu wata biyu da suka wuce, ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Ba ta tsufa ba, ba a san ta da hawan jini ba. Abu ne mai sauƙi dangi su ce iska ce ta buge ta ko kuwa sammu aka yi mata, a yi ta neman taimako a wani waje, alhali sauran gudan yana nan a zuciya yana jiran ya sake ɓallewa.

In ɓantaren ya gangara ƙasa, yana iya toshe jijiyar ƙoda, ko ta hanji, ko ta ƙafa. Ƙafar sai ta ɗauki zafin ciwo farat ɗaya, ta yi sanyi, ta dushe, a nemi bugun jini a rasa. Nan sa'o'i ake ƙidayawa, domin bayan kamar sa'a shida nama ya fara mutuwa. Tun 1963 likitocin fiɗa ke amfani da wani siririn bututu mai balan-balan a baki wanda Thomas Fogarty na Amurka ya ƙirƙiro: a zura shi ya wuce gudan, a hura balan-balan ɗin, a jawo shi da gudan gaba ɗaya. Wanda ya zo da wuri ya tsira da ƙafarsa, wanda ya kwana biyu ana gasa masa ita da ruwan zafi sau da yawa sai an yanke. Gudan da ya taso daga ɓangaren dama kuwa huhu yake nufa, kuma babba yana iya kashe mutum nan take.

Ƙari

Ƙarin da ke tsirowa daga zuciyar kanta ba shi da yawa. Likita yana iya yin shekaru bai ga ko ɗaya ba. Wanda ya fi yawa shi ne ciwon daji da ya taso daga huhu ko nono ko wani wuri ya yaɗu har zuwa zuciya, wannan kuwa maganinsa yana bin na uwar ciwon. A cikin waɗanda suka tsiro a zuciya, wajen uku cikin huɗu ba daji ba ne, kuma wanda aka fi gani a jikin manya shi ne mai suna miksoma. Ya fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 da 60, kuma kusan uku cikin huɗu a zauren hagu ake samunsa.

Kamanninsa kamar curin nama ne mai laushi da yauƙi, wani kamar ƙwan kaza, wani ya fi haka, yana rataye da ɗan siririn wuya a jikin bangon da ya raba zauren hagu da na dama. Da yake a rataye yake, sai ya riƙa lilo da kowane bugu, ya faɗa bakin ƙofa in ta buɗe, ya koma in ta rufe. Wani lokaci likita mai kunne yakan ji ƙarar faɗawarsa da abin sauraron ƙirji. In ya girma ya fara toshe ƙofar, mutum ya riƙa haki, wani kuma ya suma in ya tashi zaune ko ya juya kwanciya, ya farfaɗo in an canja masa yadda yake kwance.

Wahalar gane shi ita ce yana shigar burtu. Yakan kawo zazzaɓi mai naci, da rama, da ciwon gaɓoɓi, da ƙarancin jini. A garin da zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka suka zama ruwan dare, mai irin waɗannan alamu zai sha magunguna iri-iri kafin wani ya yi tunanin duba zuciya. Kuma ko da yake ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa kamar sankara, shi ma yana ɓantarewa ya shanye ɓarin jiki, yana kuma iya toshe ƙofa gaba ɗaya mutum ya faɗi matacce. Shi ya sa da zarar an tabbatar da shi ba a son jinkiri.

Kafin shekarun 1950 sai bayan mutum ya mutu ake ganin wannan ƙari. Abubuwa biyu suka canja labarin, kuma duk cikin 1953 suka faru. A garin Lund na ƙasar Suwidin, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka aro wata na'ura da ake amfani da ita a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa don gano tsagewa a cikin ƙarfe, suka ɗora ta a ƙirji, suka ga motsin zuciya. Asalin eko ke nan, kuma cikin 1959 aka fara gane miksoma da shi a Jamus. A Filadelfiya ta Amurka kuma, ran 6 ga watan Mayu, John Gibbon ya yi aikin farko da ya yi nasara da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu. Shekara ɗaya bayan haka, cikin 1954, Clarence Crafoord na birnin Stockholm ya cire miksoma daga zauren hagu na wata mata da taimakon irin wannan inji, ta kuwa rayu fiye da shekara talatin bayan aikin.

Rarrabewa

In likita ya ga curi a jikin gilashi, tambayoyi yake yi wa kansa. A ina yake zaune? Gudan jini yana son tsinin ɗakin hagu da aljihun zaure, miksoma kuwa tsakiyar bangon zaure. Yaya zuciyar da ke kewaye da shi take? Gudan jini kusan kullum a zuciya marar lafiya ake samunsa, inda bango ba ya motsi ko ƙofa ta ƙanƙance, ƙari kuwa yana iya fitowa a zuciyar da ke bugawa garau. Akwai kuma abu na uku da ke shiga tsakani, watau tarin ƙwayoyin cuta da kan manne a jikin ƙofa, wanda ke zuwa da zazzaɓi mai tsanani, kuma maganinsa allurai ne na makonni.

In hoton ƙirji bai wadatar ba, akwai wanda ake ɗauka ta maƙoshi. A fesa wa mutum maganin kashe zafi a maƙogwaro, ya haɗiyi bututu mai kan na'ura, da yake hanyar abinci ta bi ta bayan zauren hagu daf da daf, sai a ga aljihun nan sarai. Hoton MRI kuma yana raba gardama, domin in an sa wa mutum ruwan rini a jijiya, ƙari yana sha saboda yana da jijiyoyinsa, gudan jini kuwa ba ya sha. Wani lokaci ma magani ne ke ba da amsa: a ba da maganin hana daskarewar jini na 'yan makonni a sake dubawa, in curin ya ragu to jini ne.

Kuskure ta kowane gefe yana da tsada. A ɗauki ƙari a matsayin jini, mutum ya yi watanni yana shan ƙwayar da ba za ta taɓa shi ba. A ɗauki jini a matsayin ƙari, a tsaga ƙirjin mai raunanniyar zuciya a kan abin da ƙwaya za ta iya kawarwa.

Ƙwaya da ɗawainiyarta

Maganin gudan jini akan fara shi da allurar hefarin, sa'an nan a koma ƙwayar wafarin. Tarihin wafarin abin dariya ne da ban tsoro. Shanu ne suka riƙa mutuwa da zubar jini a Amurka da Kanada cikin shekarun 1920 bayan sun ci ruɓaɓɓen harawa, masana suka gano sinadarin da ke ciki, cikin 1948 aka fara sayar da ɗan'uwansa a matsayin maganin ɓera, cikin 1954 aka yarda a ba mutane. Ƙwayar ba ita ke narkar da gudan ba. Hana shi ƙaruwa take yi, jiki kuma ya cinye shi sannu a hankali. Galibi akan sha ta wata uku zuwa shida, a sake hoto, tare da magungunan da ke ƙarfafa zuciyar kanta, domin in zuciya ba ta farfaɗo ba wani gudan zai sake taruwa.

Sai dai wafarin ba a shan ta da ka. In ta yi kaɗan ba ta yi aiki ba, in ta yi yawa sai jini ya ɓalle ta hanci ko dasashi ko fitsari, ko ma a cikin ƙwaƙwalwa. Tilas a riƙa awon jini, da farko kusan kowane mako, daga baya wata-wata, don a ga ma'aunin yana tsakanin 2 da 3. Ganyaye irin su alayyahu da zogale suna rage mata ƙarfi, saboda haka ake so mai shanta ya daidaita cinsu, kada yau ya ci da yawa gobe ya daina. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kemis suna iya rikita awon. Mai ciki ba ta shan ta a watannin farko domin tana lahanta ɗan tayi, amma mai shayarwa tana iya sha. Ga wanda ke zaune a Gwange ko Bulumkutu zuwa awo kuɗin keke-napep ne. Ga wanda zai taso daga Monguno ko Gwoza ko Damasak kuwa tafiya ce ta yini, a kan hanyoyin da rikicin shekarun nan ya sa ba a binsu yadda aka ga dama.

Akwai sababbin ƙwayoyi da ba sa bukatar wannan awo, amma sun fi tsada, kuma ba kowa suka dace da shi ba. Wani gwaji da aka buga cikin 2022, wanda ya haɗa fiye da mutum 4,500 a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka masu lalatacciyar ƙofa da zaure mai rawa, ya nuna waɗanda suka sha tsohuwar ƙwayar sun fi tsira da rai.

Ba a cika yi wa gudan jini fiɗa ba, sai in babba ne mai lilo, ko ya ci gaba da ɓantarewa duk da magani, ko kuwa dama za a buɗe zuciyar don gyaran ƙofa, sai a kwashe shi a lokaci ɗaya.

Ranar fiɗa

Ga mai miksoma kuwa babu wata hanya. Bayan an sa shi barci, sai a tsaga ƙashin ƙirji daga sama zuwa ƙasa, a ba shi hefarin mai yawa, a sa bututai a manyan jijiyoyi, jininsa ya riƙa fita zuwa inji, injin ya sa masa iska ya mayar da shi jiki. Sa'an nan a matse babbar jijiya, a zuba wa zuciya wani ruwa mai sanyi mai sinadarin fotasiyam, sai ta tsaya cik. Likita ya buɗe zaure, ya ɗauke ƙarin gaba ɗaya a hankali don kada ya farfashe, ya yanke har da gindin da ya tsiro a kai, in ramin da ya bari ya yi faɗi ya yi masa faci da fatar jakar zuciya. A wanke, a fitar da iska, a ɗinke, a saki jijiya. Da jini mai ɗumi ya koma cikin namanta, sau da yawa zuciyar da kanta take tashi. A ɗaure ƙashi da waya. Aikin yakan ci sa'a uku zuwa huɗu, mutum ya kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, bayan mako guda ko kwana goma ya koma gida. A ƙwararrun hannuwa waɗanda ke rasa rai ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma ƙarin ba ya cika dawowa, sai a gidajen da ake gadonsa, inda akan duba 'yan'uwa su ma.

A Nijeriya an fara buɗe zuciya ne a Asibitin Koyarwa na Inugu ran 1 ga watan Fabrairu 1974, lokacin da Magdi Yacoub ya zo daga Ingila ya yi aiki tare da Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa. Amma daga wannan rana har zuwa shekarar 2000 aiki 102 kaɗai aka yi a can, watau kamar huɗu a shekara. Ba ƙwarewar hannu ce ta yi ƙaranci ba. Aikin yana bukatar wutar lantarki da ba ta ƙiftawa, da jini a ajiye, da mai kula da inji, da ma'aikatan jinya da suka saba, da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar, waɗanda duk daga waje ake sayo su. Wani lissafi da likitocin Ikko suka buga cikin 2013 ya nuna aiki ɗaya yana cin tsakanin dalar Amurka dubu shida da dubu goma sha ɗaya, gwargwadon irinsa.

Asibitin Maiduguri, wanda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe cikin 1983, yana karɓar majiyyata daga Borno da Yobe da sauran jihohin Arewa maso Gabas, har da masu ƙetarowa daga Cadi da Kamaru da Nijar. Ya kuwa sha gwaji irin wanda asibitoci kaɗan suka sha. A watan Janairu 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu, har aka kafa tashar wuta mai aiki da iskar gas cikin 2023. A watan Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga asibitin ya lalata na'urori masu tsada. A irin wannan hali, na'urar eko tana da wata fa'ida da manyan injuna ba su da ita, domin yanzu akwai ƙanana masu aiki da batir da likita zai ɗauka a hannu ya kai gadon majiyyaci.

Waɗanda likitocin zuciya suka fi son a kawo musu da wuri su ne mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko take kasa kwanciya saboda numfashi, da saurayi ko budurwar da ɓarin jiki ya shanye ba dalili, da wanda ya taɓa yin toshewar jijiyar zuciya, da mai bugun zuciya marar tsari. Ga mai jego, ko bayan gudan ya narke magana ba ta ƙare ba. Waɗansu zuciyarsu tana komawa daidai cikin wata shida zuwa shekara, waɗansu kuwa ba ta komawa, kuma macen da tata ba ta koma ba wani cikin yana iya zama ajalinta. Saboda haka ranar da za a sake hoto, likitoci sukan nemi maigidan ya zo da kansa, a zaunar da su biyun a yi musu bayanin tazarar haihuwa tare.